Tazarar Awa Bakwai: Tafiyata Karatu Ƙasar Sin

A wani zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinmu na fara ganin sanarwar cewa gwamnatin ƙasar Sin ta buɗe neman tallafin karatu na shekarar 2023. A waya na cike takardun, kuma a wayar ne, wajen watan Yuli, saƙo ya iso cewa wata jami'a a birnin Wuhan ta ba ni gurbin digiri na biyu a fannin ban-ruwa. Ban ba kowa ko sisi ba. Ina faɗin haka tun da wuri ne saboda akwai masu zaune a Facebook suna karɓar maƙudan kuɗi a hannun yaranmu da sunan su ne wakilan tallafin, alhali shafin neman a buɗe yake ga kowa, kyauta.

Sunan garin na shiga kunnen Hajiya ta ajiye carbinta. "Wuhan? Ba nan ne garin korona ba?" Nan ne kuwa, nan aka kulle mutane a gidajensu tun daga 23 ga Janairun 2020 har tsawon kwana 76. Kafin gari ya waye 'yan uwa sun cika mata waya da bidiyoyi. Wasu haɗe-haɗe ne, amma wasu gaskiya ne, musamman na watan Afrilun 2020, lokacin da aka riƙa fitar da baƙar fata daga masaukansu a Guangzhou, har Kakakin Majalisar Wakilai na wancan lokaci, Femi Gbajabiamila, ya zaunar da jakadan Sin ya nuna masa bidiyon. Wanda ya kwantar mata da hankali wani ɗalibi ne ɗan Zariya da ke can, wanda ni kaina a Facebook kawai na san shi. Ya kira ta ta bidiyo, ya gaishe ta cikin ladabi, ya zagaya da ita ɗakinsa, ya nuna mata sallayarsa da tukunyar da yake tuƙa tuwo. Ta ce masa, "To ɗana, ga ƙanenka nan, amana na ba ka." Kawu, wanda ya yi karatu a Alƙahira a shekarun 1980, yana gefe yana kallon ikon Allah. Ya ce a zamaninsu wasiƙa kan kai wata kafin ta iso, in an dace da matafiyi kuma a naɗa masa muryoyin 'yan gida a kaset, ya yi ta juya shi har ya tsinke.

Neman biza ya kai ni Abuja. Mota na hau daga Unguwa Uku zuwa Kaduna, da shingayen jami'an tsaro da kowa ya sani, sannan jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu. Kamfanin ƙasar Sin ne ya shimfiɗa wannan layi mai kilomita 186, aka buɗe shi a 2016. Bayan harin 28 ga Maris na 2022 sai a Disamba jirgin ya dawo aiki, kuma ko a lokacin tafiyata kana ganin mutane suna yin tsit idan an zo wasu wurare. An ɗauki zanen yatsuna, aka karɓi takardar gwajin lafiya, biza ta fito.

Ɗan Zariyan nan shi ya tsara mini kaya, ta saƙon murya. Ka taho da kuka da daddawa da yaji, amma ka bar kilishi a gida, don ba a shiga ƙasar da nama. Ka je Wapa ka yi canjin dala ka riƙe a hannu, tunda yawancin bankunanmu sun dakatar da amfani da katin naira a waje. Ka buɗe WeChat, manhajar saƙonni ta Sinawa, yanzu, zan tabbatar maka da shi, domin sabon shiga sai wani tsohon mai amfani ya tsaya masa. Abu mafi muhimmanci kuma, ka saka VPN, manhajar buɗe shafukan da aka toshe, tun kana Kano, don in ka sauka babu inda za ka sauko da shi. Wannan bai zame mini baƙo ba. Mu da muka rayu a lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mun riga mun san manhajar tsallake katanga.

A farkon Satumba muka tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, kusan awa biyar zuwa Adis Ababa, muka yi zaman jira a filin Bole, sannan sama da awa goma zuwa Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu. Babu abin faɗa a tsakani sai gyangyaɗi da ciwon baya.

A filin jirgin Baiyun aka fara nuna mini ƙasar da na zo. Kafin ka wuce jami'an kwastan a wancan lokaci sai ka nuna lambar QR ta bayanin lafiyarka, wadda ake cikewa a waya. Na wuce, na ɗauki jakata, na rubuta wa Hajiya cewa na sauka lafiya, saƙon ya tsaya cak. WhatsApp ba ya aiki a Sin, haka Facebook da YouTube da Instagram da duk abin da ya shafi Google, har da Gmail da taswira. VPN ɗin da na dogara da shi ya yi ta juyawa ya ƙi kamawa. Na tsaya a tsakiyar dubban mutane, allunan duk da rubutun da ban iya karantawa ba, ga shi na san a Kano an kasa kunne ana jira. Ban taɓa sanin nauyin da na ɗora wa wannan 'yar na'ura ba sai a wannan tsayuwa.

Wani Alhaji ɗan Kantin Kwari da muka zo jirgi ɗaya ne ya lura da ni. "Malam, lafiya? Sabon zuwa ne ko?" Ya miƙo mini wayarsa. Layinsa na Najeriya ne yake yawo da shi, kuma layin waje ba ya faɗawa cikin katangar, sai dai tsada. Na tura wa Hajiya murya, ta amsa nan take da hamdala. Alhajin nan ba ya jin Turanci, ba ya jin Sinanci in ban da ƙirga, amma ya shekara da shekaru yana saro atamfa da shadda a garin. Da na'urar lissafi yake ciniki, sai kuma manhajar da yake yi wa magana ta fassara. Shi ya sa ni a jirgin ƙarƙashin ƙasa har unguwar Xiaobei, matattarar 'yan Afirka. A lokacin ba kowane otal ke karɓar baƙon waje ba, an mayar da mu daga ƙofa kafin muka samu wanda ya sani, ɗan ƙaramin ɗaki a kan yuan 150. A titin unguwar na ji Hausar Maraɗi, na ji ta zangon Kumasi, na ci tuwon semo da miyar kuɓewa a wani gidan abinci da ke hawa na sama. Da na tashi yin salla wayata ta nuna mini alƙibla a yamma. Na ƙi yarda har sai da Alhaji ya ce, "Ai ka wuce Makka, ɗana, tana bayanka yanzu."

Ranar Juma'a ya kai ni masallacin da ake dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, inda ake cewa kabarinsa yake. Abin da muka karanta a littattafanmu shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne wannan sahabi, amma labarin ya nuna daɗewar Musulunci a wannan gari na fatake. Sahu ya haɗa Sinawa 'yan ƙabilar Hui da Larabawa da 'yan Pakistan da namu, a waje kuma masu gasa nama da gurasa sun jeru, kowanne da lambar QR a rataye.

Maganar kuɗi ita ta fi tsaya mini a rai a kwanakin farko. Na miƙa wa mai shago takardar yuan 100 don in sayi ruwa, ya juya ta, ya duba aljihun teburinsa, babu canji. Tsohuwa mai gasa dankali a bakin titi, mai gyaran takalmi, mai sayar da kankana, kowa haskawa ake yi da WeChat ko Alipay, kuma kafin ka mayar da waya aljihu wata 'yar lasifika ta faɗa wa mai kaya adadin da ya shigo. Ni kuwa daga Kanon 2023 na fito, shekarar canjin takardun naira, lokacin da muka riƙa sammakon bin layi a bakin na'urar cirar kuɗi, masu POS suna sayar mana da kuɗinmu, ka yi tiransfa kuɗi ya fita bai shiga ba, mai kaya ya riƙe ka kai ma ka riƙe shi. Mu ma an so a raba mu da tsabar kuɗi, sai dai an fara daga sama ne. Su sun fara da wutar da ba ta ɗaukewa da sabis ɗin da ba ya yankewa ko a ƙarƙashin ƙasa, sannan mutane suka ajiye takarda da kansu. Amma akwai ɗaya gefen da ban taɓa sabawa da shi ba har na baro ƙasar. Layin waya da fasfonka da hoton fuskarka ake yankarsa, asusun banki da layin aka ɗaure shi, WeChat da asusun, tikitin jirgi da fasfon. Ƙofar makaranta da ta ɗakin kwana fuskarka suke dubawa su buɗe. Duk shayin da ka sha da inda ka sha shi a rubuce yake a wani wuri.

Daga tashar kudu ta Guangzhou na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Wuhan. Babu tikitin takarda, fasfo kawai ake nunawa, kuɗin kujera mai daraja ta biyu bai kai yuan 500 ba. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kwatankwacin Kano zuwa Legas, muka yi ta cikin awa huɗu da 'yan mintuna, allon tarago yana nuna gudun sama da kilomita 300 a awa. Muka ratsa duwatsun Shaoguan ta cikin ramuka, muka tsaya Changsha, gonakin shinkafa da kududdufan kifi suna wucewa ta taga. Ni da na zo karatun ruwa, magudanan da ke tsakanin gonakin nake ta bi da ido. Wata dattijuwa a gefena ta yi ta kallona, can ta ɓare lemo ta miƙo mini rabi, ta yi magana a wayarta ta juyo mini da ita. An fassara: "Iyayenka sun san ka iso?"

Wuhan gari uku ne a haɗe, Wuchang da Hankou da Hanyang, a inda kogin Han ya faɗa cikin Yangtze. Mutanensa sun haura miliyan 12, ɗaliban jami'o'insa kaɗai sun haura miliyan ɗaya. Ɗan Zariya ya tarye ni a tasha, ranar muka fara ganin juna ido da ido. Makonnin farko sun tafi a rajista: ofishin ɗaliban waje, sake gwajin lafiya, banki, da takardar izinin zama da dole a nema cikin kwana 30 da shigowa. Abinci bai ba ni wahala ba. Makaranta na da ɗakin cin abinci na halal, a gari kuma kusan kowace unguwa akwai shagon taliyar Lanzhou na Musulmi, kwano ɗaya da romon naman sa bai wuce yuan 15 ba. Abin da babu a kasuwa akwai shi a kasuwar intanet ta Taobao. Gero, gyaɗa, kuɓewa, garin shinkafa, har busasshen zoɓo, duk an kawo mini su har ƙofar ɗakin kwana.

Karatun ma a cikin waya yake. Kowane darasi da zaurensa na WeChat, nan malami ke tura aiki, nan ake canza lokacin aji, wani lokaci da tsakar dare. Abokan aikina Sinawa suka karɓi wayata ƙirar Tecno suna juyawa, ba su taɓa jin sunanta ba. Da na ce musu kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ne ke ƙera ta, shi da Itel da Infinix, kuma su suka cika kasuwar Farm Centre a Kano, sai da suka bincika kafin su yarda. Bincikena a kan aikin ban-ruwa na Kadawa na yi shi, wanda ke sha daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Ina zaune a Wuhan ina nazarin gonakin Kura da Bunkure ta hotunan tauraron ɗan'adam, wani abokina kuma yana shiga gonakin da babur yana turo mini hotunan magudanan da ciyawa da yashi suka toshe. A zamanin Kawu wannan aiki ba zai yiwu ba sai an dawo gida, kuma ba zan raina wannan ni'ima ba.

Wahalar da ba wanda ya faɗa mana kafin mu taso ita ce ta agogo. Sin na gaban Najeriya da awa bakwai. Lokacin da muke shiga aji da ƙarfe takwas na safe, Kano ƙarfe ɗayan dare ne. Lokacin da aka idar da isha'i a gida, aka baje tabarmar hira, zaurukan WhatsApp suka ɗau zafi, mu ƙarfe ukun dare ne. Idan ka bi dogon barandar ɗakin kwanan ɗaliban waje a wannan lokaci za ka ji muryoyi ta ƙarƙashin ƙofofi, wannan da Urdu, wancan da Suwahili, wancan da Hausa, kowa yana can garinsu. Da safe kuma a shigo aji da jajayen idanu. Mun zama kamar mai noma gona biyu a garuruwa biyu da fartanya ɗaya. Na ga ɗalibai masu ƙwaƙwalwa da suka shekara biyu a Wuhan ba su san sunan titin da ke bayan makaranta ba, amma sun san duk wanda ya yi aure da wanda ya sauya sheƙar siyasa a mazaɓarsu. A watan Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Kano har aka sa dokar hana fita ta awa 24, babu Bakanon da ya runtsa a cikinmu. Muna ganin hayaƙi a unguwannin da muka sani, babu abin da za mu iya, kuma babu halin ajiye wayar.

Sai kuma maganar ɗaukar nauyin 'yan gida. Tallafin ɗan digiri na biyu yuan 3,000 ne a wata. A can kuɗin abinci ne da sabulu da littafi, da ɗan abin da za ka ajiye. Amma a 2024 yuan ɗaya ta haura naira 200, kowa a gida ya iya lissafi, sai ya ga sama da naira 600,000 a ƙasar da mafi ƙarancin albashi bai daɗe da tashi daga 30,000 zuwa 70,000 ba. Ga hotuna kuma. An kai mu ziyarar karatu madatsar ruwa ta Three Gorges da ke kusa da Yichang, wadda ƙarfin wutarta ya kai megawat 22,500, ninkin-ba-ninkin abin da Najeriya gaba ɗaya ke rabawa. Na saka hoto ɗaya a Facebook saboda abin ya girgiza ni a matsayina na ɗalibin ruwa. Kafin dare saƙonni sun shigo: "Alhaji ana hutawa, a tuna da mu." Hoto ba ya nuna daren da ka kwana kana gyara babin da malami ya dawo maka da shi.

Bayan masu neman taimako akwai masu neman dillali. Duk wanda ya ji kana Sin ya ɗauka a bakin masana'anta kake kwana. Wannan ya turo hoton injin markaɗe, wancan fitilar sola, waccan mayafai, a duba musu farashi a shafin sarin kaya na 1688, a yi magana da kamfani, a tura kaya Gwanzu. Ba laifi ba ne, zumunci ne, kuma wasu ɗaliban da wannan suka kafa jarinsu. Amma bizar karatu ba ta kasuwanci ba ce, kuma awa ɗaya ba ta rabuwa biyu. Na san wanda ya fara da taimakon ɗan uwa guda, ya wayi gari wayarsa ta zama shago, malaminsa ya daina ganinsa a ɗakin bincike, daga ƙarshe tallafin ya tsaya. Idan kaya suka zo ba yadda aka gani a hoto ba kuma, da shi ake rigima, ba da kamfani ba.

Sanyin Wuhan na daban ne. Garin na kudu da layin da gwamnati ke kai ɗumama gidaje, don haka sanyi mai laima yake bin ka har cikin bargo. A farkon Fabrairun 2024, gab da bikin sabuwar shekararsu, aka yi ruwan da yake daskarewa da zarar ya taɓa abu, rassan bishiyoyi suka yi ta karyewa, motoci suka kwana a manyan hanyoyin lardin Hubei. Makaranta ta zama kufai, Sinawa duk sun tafi gida. Azumi ya zo a Maris, muna sahur muna sauraron tafsirin dare kai tsaye daga Kano, don lokacin ya yi daidai. Ana cikin haka, ranar 14 ga wata, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, kiran gida ya koma yankewa. Yadda hankalinmu ya tashi a 'yan kwanakin nan ya ba ni tsoro.

A bazarar 2024 Inna, mahaifiyar Baba, ta rasu. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi. Na farka sallar asuba, na ɗauki waya don in duba lokaci, sai ga hotonta a kan status ɗin wani ɗan ƙanen Baba, da Inna lillahi a ƙasa da alamar hawaye. An riga an kai ta tun bayan la'asar ɗinsu, ina barci. Daga baya na ji cewa manya sun yi shawara Kawu ne zai kira ni idan gari ya waye a wajensu. Kowane Bahaushe ya san yadda ake kai irin wannan labari. Babba ake turawa, ya zauna, ya fara da gaisuwa, ya ce jikin nata ya matsa, ya tuna maka cewa dukkanmu masu tafiya ne, sai ya ga ka shirya sannan ya faɗa, kuma ba zai tashi ya bar ka kai kaɗai ba. Wannan hikima ce da iyayenmu suka daɗe suna gadonta, kuma yatsa ɗaya ya isa ya rushe ta. Yaron bai yi da mugunta ba, abin da kowa ke yi ya yi. Ni dai a wani ɗaki a hawa na tara, cikin duhu, ni kaɗai, haka na ji mutuwar Inna.

Saƙonnin ta'aziyya sun shigo ba adadi, na gode wa kowa, Allah ya ba da lada. Amma waɗanda suka riƙe ni a kwanakin nan su ne waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗan Zariya ya zo ya shimfiɗa sallaya a ɗakina ya zauna. Wani ɗan Damagaram da wani Bahaushen Gana suka tara 'yan uwa aka yi addu'a. Maƙwabcina ɗan Pakistan, wanda sallama kawai ke haɗa mu a baranda, ya riƙa kawo shayi da shinkafa har aka yi uku. Abokin aikina Basine ya zo da jakar lemo, bai san abin da ake faɗa a irin wannan zama ba, ya zauna shiru, sannan ya karɓi awon da nake yi a ɗakin bincike ya ci gaba da shi har na dawo. Duk mutanen nan suna kusa da ni tun zuwana, wasunsu bango ɗaya ne tsakaninmu.

Daga nan na tsara wa gida lokaci. Sinawa na da al'adar ɗan barcin rana bayan abinci, kuma wannan lokaci ya yi daidai da bayan asuba a Kano, lokacin da Hajiya ke zaune a kan sallaya. Nan na mayar da kiranmu, kullum, hankali kwance. Da dare kuma in kashe VPN, katangar da ta tsorata ni a filin jirgi ta koma tana tsare mini barci. Shekarata ta biyu ita ce shekarar da na zauna a Wuhan da gaske. Na riƙa zuwa Juma'a masallacin titin Qiyi a Wuchang, unguwar da ke kusa da ƙofar da ake tunawa da boren 1911 wanda ya kawo ƙarshen sarautar gargajiya a ƙasar. Akwai mahauta Musulmi a wajen, wani tsoho a cikinsu ya hana ni nuna masa waya. In ina son nama sai na faɗa da bakina, ya gyara mini, in maimaita, 'yan kasuwa suna dariya suna taya ni. Ana buƙatar mu ci jarrabawar Sinanci ta HSK mataki na uku kafin a ba mu shaida, kuma rabin abin da na ci da shi a gaban teburin tsohon nan na koya. Manhajar fassara tana fitar da kai kunya a rana ɗaya, amma na ga waɗanda ta hana koyon harshen har suka gama. Na taka tsohuwar gadar Yangtze ta 1957 da ƙafa, na ci abincin sabuwar shekara a ƙauyen su abokin aikina, inda mahaifiyarsa ta sayi sabuwar tukunya don kada a dafa mini a wadda ta taɓa naman alade.

Na kare bincikena a farkon bazarar 2025, na rufe asusun banki, na biyo hanyar da na zo, Gwanzu, Adis Ababa, Abuja. A hanyar Kaduna muka tsaya cin balangu, na ga mai naman ya rubuta lambar asusunsa ta OPay a jikin kwali, mai shayin gefensa ma haka. Na tura, muka tsaya ni da shi muna jiran saƙon shigar kuɗi, ya shigo, ya ce in gaida gida.

Na tarar ƙanwata ta samu gurbin karatun likitanci a Masar, ana ta shirin tafiyarta. A zaman da aka yi na 'yan uwa na kawo maganar Inna, na roƙi a sa doka a zauren gidanmu cewa kada wanda ya saka labarin rasuwa a waya sai an kira duk wanda ke nesa. Matasa suka ce ai jana'iza ba ta jira, kuma da sanarwar nan ake tara mutane, wanda gaskiya ne. Aka ɗan ja maganar. Baba ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce a rubuta sunayen duk 'yan gidan da ke wajen Kano, a ba kowane suna babba guda da zai kira shi, ko ƙarfe nawa ne a inda yake, in an gama kiran sai a sanar. Sunan ƙanwata aka fara rubutawa, Kawu ya ce shi ya ɗauke ta.